Farar Ƙasa Na Ce, Ya Kawo Ruwan Ɗorawa

"Lafiya lau, amarya. Sai dai jakin kike gaidawa, ni ga ni nan ta hagunki."

"Na sani," na ce. "Da babban nake farawa. Kai kuma ina gajiyar kasuwa?"

Lurwanu ke nan, jikana, malamin lakol, wato makarantar boko, a Gidan Rumji. Tun yana zanen goyo nake kiransa mijina, har yau kuwa ko ɗankwali bai taɓa saya mani ba. Lokacin nan ne bayan an gama babban taron ƙasa a Yamai, aka ce kowa zai jefa ƙuri'a ya zaɓi wanda ransa ke so. Malamai sun shiga yajin aiki, sai ya dawo ƙauyenmu nan bayan Sae Sabuwa ya zauna yana shanye mani fura. Ran nan na aike shi kasuwar Gidan Rumji a amalanken maƙwabta, abu ɗaya tak na ce ya sayo: farar ƙasa.

Ga dalili. Wata biyu kafin nan na yi tuntuɓe da kujera a cikin ɗakina, na faɗa kan kaskon wuta na ƙone gwiwar hannu. Labari ya kai Maraɗi wurin uban Lurwanu. Shi ne ɗana na fari, sunansa na yanka bai taɓa fita daga bakina ba. Labo da kuka ji zan riƙa faɗa laƙabi ne da 'yan kasuwar hatsi suka liƙa mishi. Ya aiko cewa ran Juma'a zai zo da mota ya kwashe ni, in koma gidansa, tunda idona ya mutu. Ni kuwa ɗakin ga shekara hamsin da ɗoriya nake cikinsa. Maigidana Malam, Allah ya jiƙansa, shi ya shafe cikinsa da siminti a wata shekara da gyaɗa ta yi kyau, duk ƙauyen aka zo kallo. A nan na haihu, a nan na yi takaba. Na ce bari in wanke shi da farar ƙasa, Labo ya tarar da tsohuwa mai tsabta wadda ke riƙe da kanta, ko ya ji kunya ya koma da motarsa.

"Ina saƙona?" na ce.

"Ga shi nan na sauke. Gwangwani biyu."

"Tun yaushe aka fara zuba farar ƙasa a gwangwani?"

"Tun da aka shigo dimokuraɗiyya. Komai ya canja, ke kaɗai kika rage."

Ya sa wuƙa ya ɓalle murfi. Wari ya fara dukana, sannan launin. Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Ku ɗauki gwaiduwar ƙwan zabo, ku haɗa da garin ɗorawa, ku kunna musu fitila a ciki. Shekara biyu ke nan komai na duniya nake ganinsa kamar ta bayan tsumman tatar koko, amma abin nan sai da ya sa na ja da baya.

"Mene ne wannan?"

"Fenti."

"Na ga fenti. Wa ke ciwon shawara a gidan ga da za ka kawo mishi ɗan'uwa?"

"Yayi ne. Duk amaren Abijan da shi ake musu ɗaki."

"Ka taɓa zuwa Abijan? Kai da ko Agiye aka aike ka sai ka yi amai a mota."

"Na gani a hoto."

"To ka auri hoton. Farar ƙasa na ce. Ko kurma na aika ya fi ka, shi aƙalla zai dawo ya sake tambaya."

Ya ce ai miji ba ya tambayar mata launin ɗaki, shi ke yankewa. Na ce mijin da ke kwana a zaure yana cin tuwon matarsa kyauta ba ya yanke ko farce. Ya ce in na matsa zai sake ni ya nemi wata mai haƙora. Na ce ya rubuta takardar yanzu, in dai ya iya rubutu, don ban yarda da malamin da lakol ta kora gida ba. Muka yi ta yi har ya ja kujera ya zauna gabana, wannan kujerar da ta kayar da ni. Sai na ji muryarsa ta sauka.

"Kaka, me ke hannuna?"

Ba ya ce mani Kaka sai in magana ta zo. Na duba, na ga wani abu fari-fari yana lilo.

"Moɗa."

"Hulata ce."

"To hular da ta yi kama da moɗa laifin wa?"

Bai yi dariya ba. Ya fara lissafa mani abubuwan da na ɗauka ba wanda ya lura. Ya ce butoci uku ne a bakin randa, baƙa da shuɗiya da rawaya. Baƙar da shuɗiyar kullum ƙafata ke samunsu, rawayar kaɗai nake miƙa hannu in ɗauka kai tsaye. Ya ce in ya sa rigarsa mai ruwan ɗorawa tun daga ƙofar gida nake fara zaginsa, in ya sa toka-toka sai ya yi magana. Ya ce ranar da ya kai ni wurin likita a wanke mani ƙuna, farin bangon ɗakin ya sa na runtse ido har muka fito, hawaye na zuba. Farar ƙasa, in ji shi, ko dai ta kashe mani ido da rana, ko hayaƙin da ya ci bangon ya mai da ta toka cikin wata guda. Ya ce shi ba likita ba ne, abin da ya gani kawai ya bi.

"In bango ya yi haske irin wanda idonki ke kamawa, duk abin da ke gabansa zai fito. Kujera, gado, kasko. Baba ba datti ya zo dubawa ba. Zuwa zai yi ya ga ko za ki sake faɗuwa."

Ba ƙaramin abu ba ne a ce ɗan da ka wanke wa kashi shi ke ƙirga tuntuɓenka a ɓoye. Can na ce idona lafiyarsa lau, hasken duniyar ne ya ragu tun da aka fara haihuwar irinsu. Amma tunda ya riga ya yi asara, ya shafa. In aka kwashe ni ran Juma'a, shi zai ɗauki gadona a ka har Maraɗi, a ƙasa.

"Na yarda," ya ce. "In kuma aka bar ki, me zan samu?"

"Ka ci gaba da zama mijina."

"Wannan ai hukunci ne, ba lada ba."

Litinin ce. Washegari da safe ya fito da kayana tsakar gida: gado, akwatin ƙarfe, kwalla da fanteka, buhun wake, tabarmi uku da na manta ina da su. Ya kwaɓa toka da sabulu ya hau gurzar bango, baƙin ruwa na gangarowa har gwiwar hannunsa. Ni ina ƙarƙashin bishiyar bedi ina ba shi umarnin da bai nema ba.

"Hayaƙin ga ya girme ni," ya ce daga ciki.

"Ya kuma fi ka amfani. Shi sauro yake kora."

"Kaka, akwai taga a nan? An cusa mata tsumma."

"Malam ya toshe ta shekarar da aka yi fara. Bar ta."

"Farar ta tafi tun kafin a haifi Baba."

"Wa ya gaya maka? Ga babbarta nan a ɗakina tana cinye mani hatsi."

Ya zare tsumman duk da haka. Da bango ya sha iska ya sirka fentin da kananzir ya fara shafawa, yana waƙa da muryar da ta sa kajina suka koma gidan maƙwabta. Ya shafa sau ɗaya ran Talata, ya maimaita ran Laraba. Gefen ƙofa da dokin ƙofa ma bai bari ba. Da ya fito, gashinsa, kunnensa, har girarsa duk ɗigo-ɗigo. Na ce yau dai na ga zabon da ya fi kowane muni a ƙasar Gobir. Ya ce to ashe ina gani. Na ce wari na bi.

Kwana biyu a rumfa na kwana saboda warin. Ran Alhamis da hantsi ya mai da kaya, ya tafi kai wa maƙwabta tsaninsu. Na tashi na shiga ni kaɗai.

Rana ta shigo ta ƙofa da ta tagar Malam, ta bugi bango, ɗakin ya kama kamar an zuba man shanu a kasko. Na tsaya. Ga ƙafafun gadona huɗu. Ga akwati. Ga kujerar nan, maƙiyiyata, ta fito baƙa ƙirin tana kallona. Na zagaye ta na wuce ban taɓa ta ba, na dawo na sake zagaye ta don jin daɗi. Sai idona ya kai kan wata ƙusa can sama da kan gado, wani abu baƙi na rataye. Na miƙa hannu. Tasbahar Malam ce, ta itace, wadda na yi shekara biyu ina nema. A raina har na ɗora wa wata baiwar Allah da ke shigo mani ɗibar wuta, na rage mata fara'a ba ta san dalili ba. Ashe tana nan inda na rataye ta da hannuna, baƙa a kan baƙin bango. Ƙura da baƙin hayaƙi sun lulluɓe ta, yaron ya sauke ta ya yi fenti ya mai da ta wurinta, bai gane abin da ya taɓa ba.

Na zauna bakin gado na ja ta sau ɗaya. Na nemi gafarar Allah, na kuma ƙudurta zan aika wa matar nan da kaza. Da na ji tafiyar Lurwanu na tura tasbahar ƙarƙashin matashi.

"Yaya, amarya?"

"Kamar an kulle ni a cikin kabewa."

"Amma kina gani?"

"Ina ganin asarar da ka yi."

Abin da daga ni har malamin lakol ba mu kawo a ka ba shi ne zaɓe. A shekarar nan launi ba na kowa ba ne. Tunda yawancinmu ba mu karatun boko, kowace jam'iyya da launin takardarta, shi za ka ɗauka ka sa a ambulan. Mutum ya sa hula sai an duba launinta kafin a amsa gaisuwarsa. Labo kuwa babba ne a wurin masu kore, shi ke raba musu tuta daga Maraɗi har ƙauyukanmu. Manyan abokan hamayyarsu a yankinmu, takardarsu rawaya ce.

La'asar ba ta yi ba sai ga guɗa a ƙofar gida. Shatu ce, shugabar matan masu rawaya, da mata wajen goma a bayanta. Yara sun leƙa ta taga sun kai labari. Ta shigo ɗakin ta dafe ƙirji.

"Inna Saliha, ashe ke tamu ce kika ɓoye? Ko buro, ofishin jam'iyya, bai kai nan kyau ba. Uwar Labo guda! Yau sai an ji mu a Tibiri."

Na ce mata ni ba ta kowa ba ce, idona nake magani. Ta ce ai kowa ya shigo wurinsu idonsa ne ya buɗe. Suka ajiye kwalin sukari da turmin atamfa rawaya, suka fita da waƙa. Atamfar na ce a bi su da ita. Sukarin na riƙe, don ba shi da launi.

Lurwanu ya jingina da ƙofa, ya kasa ko murmushi. Motocin kasuwa na tashi Maraɗi da yamma, ya san kafin ubansa ya yi sallar magariba an gaya mishi cewa uwarsa ta yi wa abokan gabarsa ɗaki.

"To, ango," na ce, "ka gama mani. Da, makanta kaɗai za a kwashe ni dominta. Yanzu ka ƙara mani da cin amanar jam'iyya."

"Wallahi ido na tuna, ban tuna ƙuri'a ba."

"Kai da ke kwana da rediyo a kunne?"

"Shi mai fentin ma sai da ya tambaye ni ko na buro ne. Na ce na amarya ne. Ya yi dariya, ban gane ba."

"Haka ake koya wa 'ya'yan mutane a lakol? Gara da kuka yi yajin."

Can ya ce akwai mafita. Gidan liman akwai ragowar farar ƙasa ta gyaran masallaci. In ya fara yanzu, ya yi mata kauri, kafin Baba ya iso gobe an rufe rawayar. Ba za ta kama sosai a kan fenti ba, amma za ta kai Juma'a. Ya ce shi ya jawo, shi zai gyara. Har ya juya zai fita.

"Dawo nan."

Ya dawo.

"Ka taɓa bangon ga sai na karya maka hannu."

"Ke kika ce kabewa ce."

"Kabewata ce."

"Kaka, Baba zai…"

"Na ga kujera," na ce. "Na gan ta da idona, na zagaye ta sau biyu. Ka ji abin da kake son ji? To kada ka sake sa ni in faɗa."

Ya zauna a dokin ƙofa, ya sunkuyar da kai yana murza ido. Na ce in kuka zai yi ya fita waje, ba a yi mani shi a sabon ɗaki. Ya ce kananzir ne. Na ce na sani, ni ma shi ya dame ni da hantsi.

Ran Juma'a bayan an sauko masallaci mota ta tsaya a ƙofar gida, da koriyar tuta a hancinta. Labo ya shigo cikin farar babbar riga. Ya durƙusa daga waje ya gaishe ni, na amsa ina kallon gefe, yadda muka saba. Tsakanina da ɗan fari ba doguwar magana. Tun yana yaro in zan ce ya ci abinci sai in gaya wa bango, shi kuma ya ji. Yanzu da Lurwanu ya girma shi ne bangon.

Labo bai ɗaga murya ba, amma ana jin tafasar. Ya ce da ɗansa tun jiya ba inda ya zauna a Maraɗi ba a tambaye shi lafiyar uwar masu rawaya ba. Ya ce wannan duk ba shi ne ba. Ya zo ne kan maganar da ya aiko. Tsohuwa ba ta gani, ta faɗa wuta sau ɗaya, ba zai jira na biyu ba. An share mata ɗaki, ga lantarki, ga jikoki. A fara fito da kaya.

Ban ji haushinsa ba. Tsoro ne ke magana a bakinsa, na san shi.

"Lurwanu," na ce, "gaya wa ubanka ya shigo ya zauna. Ba a kwashe mutum daga tsakar gida kamar buhun gero."

"Baba, ta ce bismilla."

"Ba haka na ce ba."

"Na tace ne, Kaka."

Labo ya cire takalmi ya shigo. Ya dubi bangon kamar wanda aka ba maɗaci, ya nemi wuri can nesa da ni ya zauna a tabarma, ya jingina. Na tashi daga gado. Kujerar na tsakiyar ɗaki, da gangan na bar ta. Na zagaye ta, na je randa, na ɗauki moɗa na cika, na dawo na sake zagaye ta, na ajiye ruwan daidai gaban gwiwarsa. Ko ɗigo bai zuba ba.

"Ta haddace hanyar ne," in ji Labo, a hankali.

Sai na yi abin da ban taɓa yi ba a gaban mutane. Na ɗaga kai na dube shi sosai. Fuskarsa ta fito a kan rawayar nan kamar an zana ta da gawayi. Rabona da ita shekara biyu, murya kawai nake ji da inuwa.

"Gaya wa ubanka hularsa ta karkace hagu."

Labo ya kai hannu ya gyara.

"Gaya mishi ya rame. Ko a Maraɗin da za a kai ni ba a dafa abinci?"

Lurwanu bai isar ba, ba kuma wanda ya nema.

"Ka kuma tambaye shi, yaushe ya yi furfura? Gemun nan baƙi na san shi. Wa ya ba shi izinin tsufa ina raye?"

Labo ya shafa gemunsa, ya ɗauki moɗar ya sha ruwan duka, ya daɗe yana kallon cikinta. Da ya yi magana ba da ɗansa ya yi ba.

"Inna, da gaske kina ganina?"

Na mai da kai gefe. "Lurwanu, gaya mishi ina ganinsa. Kamanninsa ɗaya da Malam a shekarar da ya shafe ɗakin ga."

Labo ya gyara zama. Sannan ya shiga kafa sharuɗɗa, don kada a ce ya zo ya koma hannu wofi. Kaskon wuta ba zai ƙara kwana a ɗaki ba. Bayan zaɓe zai zo ya kai ni a duba yanar idon, in kwana biyu in dawo. Na ce a gaya mishi kwana biyun na ji, na uku kuwa a ƙasa zan taho. Ya ce to. Kayan dai ba a fito da ko tsinke ba.

Da ya miƙe sai ya tsaya yana jan gemu. Ya ce da Lurwanu akwai abu guda: in rawaya kaɗai tsohuwa ke gani da kyau, ranar zaɓe in ta shiga bayan labule, wace takarda hannunta zai kai?

"Gaya wa ubanka," na ce, "ba su ne suka yi ta yawo da lasifika suna cewa abin da mutum ya sa a ambulan tsakaninsa da Allah ne ba? To ni na ji, na kuma yarda."

Ya girgiza kai ya juya zai fita. Nan na ga bayansa. Fentin gefen nan da rana ba ta kaiwa bai gama bushewa ba. Daga kafaɗa har kugu, farar rigar ta ɗauki rawaya shimfiɗe, kamar an yi mata da gangan. Lurwanu ma ya gani, ya toshe baki, idonsa ya fito, yana roƙona da hannu in yi shiru.

"Lurwanu, gaya wa ubanka kada ya shiga mota haka. Shi ma ya shigo jam'iyyarmu, ta baya."

Labo ya janyo rigar ta kafaɗa ya duba. Na ɗauka faɗa zai yi. Sai na ji wani sauti da rabona da shi tun yana ɗan shekara bakwai: dariya yake, har da riƙe ƙofa. Ya tuɓe rigar ya dunƙule ya jefa wa ɗansa, ya ce in bai fitar da ita fes ba kada ya sake taka Maraɗi. Ya tafi da 'yar ciki, motarsa ba kowa a baya.

Da ƙarar motar ta ɓace Lurwanu ya dawo ya miƙe a tabarmata kamar shi ya gina gidan.

"To, amarya. Wa ya ci?"

"Allah ya ci."

"Bayan Shi?"

"Mai fentin Gidan Rumji."

"Kaka."

"Ka cika naci. Haka za ka yi wa matar kirki in ka samu?"

"Ni dai ba zan tashi ba sai kin faɗa."

Na sa hannu ƙarƙashin matashi na zaro tasbahar na jefa mishi a ƙirji. Ya ɗaga ta ya duba, ya tashi zaune. Ya san ta. A cinyar Malam ya koyi ƙirga da ita.

"Ba ita ce kika ce ta ɓace ba?"

"Bangonka ya samo ta. Riƙe, ka ci. Na faɗa sau ɗaya, ko gaban alƙali ba zan maimaita ba."

Ya juya ta a hannu, ya rataya a wuya, sannan ya gyara murya ya dawo da iskancinsa. Ya ce a garinsu miji ke ba da sadaki, bai taɓa jin amarya ta biya ba. Ya matso kusa da ni ya jera fuskarsa da bangon, ya ce tunda yanzu ido ya buɗe, in ƙare wa angona kallo in gode wa Allah.

Na ƙare mishi kallo kuwa, tun daga kunnuwan har hancin. Dariya ta ƙwace mani.

"Na gani," na ce. "Je ka gidan liman ka karɓo farar ƙasar nan. Bangon a bar shi, kai za a shafa wa."